Jan Zare a Babin Ƙarshe

Gidan gona, kusa da Ord, Nebraska
27 ga Oktoba

Zuwa ga ƙanina Wendell,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina roƙon Ubangiji ya sa wannan takarda ta same ku cikin ƙoshin lafiya, kai da Noreen. Yaya sanyin Alaska, yaya kuma aikin rijiyar mai? Allah ya tsare ka a bakin aiki, ya raba ka da tsautsayi, ya ƙara wa Noreen haƙurin zama da kai. Na san za ka ce me ya hana ni kiran waya kamar kowa. To ai na san halinka, ko minti uku ba a yi ka fara cewa to Yaya, sai an jima. Maganar da ke bakina kuwa ba ta minti uku ba ce, don haka ka nemi wuri ka zauna, ka ɗauko tabaron nan da kake ɓoyewa don kada a ce ka tsufa.

Mu nan lafiya lau, sai godiya. Masara ta yi kyau bana fiye da yadda muka zata, duk da ƙanƙarar da ta sauka mana a watan Yuli. Maigidana Curtis yana kan injin girbi tun fitowar rana har faɗuwarta, gwiwar nan tasa tana damunsa, amma ya rantse ba zai ga likita ba sai motar ƙarshe ta sauke kaya a rumbu. Na ce masa gwiwarsa ce, ba tawa ba. An gyara rufin coci, an kuma sāke fenti, sai dai launin da kwamiti ya zaɓa ba na jin akwai wanda ya so shi ko a cikin 'yan kwamitin. Wannan ke nan. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne zancen Baba da 'yarka Tessa, kuma tun yanzu ka kwantar da hankalinka, labarin na alheri ne.

Ba sai na tuna maka abin da ya faru a teburin Bikin Godiya na ƙarshen Nuwamba shekara biyu da suka wuce ba, don kana wurin, cokali a hannunka. Zancen zaɓe ya tashi, Baba ya ce birni ya wanke wa Tessa kai, ita kuma ta ce shi da irinsa ne suka hana ƙasar nan ci gaba, ta miƙe ta bar naman talotalo a faranti, ta ja motarta sai Minneapolis. Tun daga ranar ko gaisuwa ba ta haɗa su ba. Abin da ba ka gani ba, saboda nisa, shi ne yadda Baba ya koma. Ciwon idon nan ya cinye masa tsakiyar gani, yanzu inuwar mutum kawai yake gani daga gefe. A watan Afrilu likita ya ja ni waje ya ce zuciyar ta gaji, mutum mai shekara tamanin da huɗu kada mu yi dogon lissafi da shi. Tun daga lokacin abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai, kada tsohon nan ya tafi yana gaba da jikar da ya fi so a duniya. Sau biyu na kawo masa sunanta, sau biyu yana juya fuska wajen taga.

Ka san Baba da labaran kumbo da taurari. Shekara hamsin yana gyaran tarakta, kullum akwai ɗan littafi a aljihun bayan wandonsa, duk ya sha baƙin mai. Da waɗannan littattafan ya koya wa Tessa karatu a kan bencin garejinsa, shi ya sa mata suna Kyaftin. To da idon ya tafi, sai ya zama ba abin da yake nema illa a karanta masa. Na je gareji na sauko da kwalayensa guda huɗu, ashe rufi ya daɗe yana yoyo a kansu, abin da ruwa ya bari ɓeraye sun yi sheƙa da shi. Ko littafi ɗaya ban samu da farko da ƙarshe ba. Na zauna a kan bokiti na yi kuka, ban gaya masa ba sai bayan kwana biyu.

Na koma ɗauko masa sababbi daga laburaren gari, mukan kuma kunna masa finafinan talabijin ya saurara. Nan rigima ta fara. Da an yi nisa kaɗan sai ka ji ya yi tsaki, ya ce ga shi nan sun fara. Wai shi ya biya kuɗin kumbo don a kai shi bayan taurari, sai ya tsinci kansa a taron siyasar 'yan ra'ayin sauyi, kuma an kulle ƙofa. Ya ce a da mugun labari dodo ne mai ido shida, yanzu kuwa mugun labari wani tsoho ne mai zuwa coci da motar ɗaukar kaya, wato shi ke nan. Gaskiya, Wendell, ban ga laifinsa ba. Mutum yana zaune cikin duhu, abu ɗaya ya rage masa na jin daɗi, a nan ɗin ma a biyo shi ana nuna masa yatsa. Ni kaina wasu wuraren sai na ji kamar da ni ake.

Na kai kukana wajen matan ƙungiyar saƙa ta coci, sai Arlene Haugen, wadda ka san ba abin da ba ta sani ba, ta ce ai abu mai sauƙi ne, akwai mutanenmu a intanet da suka tsara jerin littattafai masu tsabta, babu ko ƙwayar siyasar can a ciki. Na yi murna, na aika aka kawo mini uku. Bayan abincin rana na zaunar da Baba, na buɗe na farko. Shafi goma ana harbe-harbe a sararin sama, Baba har ya gyara zama. Sai jarumin ya tsaya a tsakiyar yaƙi, abokan gaba suna ta ruwan wuta, ya shiga yi wa sojojinsa bayani a kan haraji da lalacewar tarbiyyar 'yan zamani, shafi bakwai cur. Ina ɗaga kai na ga Baba ya yi barci, baki buɗe. Da ya farka na ce masa ai wannan namu ne, duk abin da ya faɗa ra'ayinka ne. Ya ce shi ya sa ya yi barci, don ya riga ya san ƙarshen kowace jimla. Ya ce Marlys, wa'azi wa'azi ne ko daga bakin wa ya fito, shi yana da fastonsa ranar Lahadi, kuma faston ma ya san ya tsaya in sha biyu ta yi. An gudu ba a tsira ba ke nan.

Daga nan ne na yi wautar da har yanzu nake jin kunyarta. Na ce tunda sababbin na laburare labarinsu da daɗi, wa'azin ne matsala, bari in riƙa cire shi. Littafin aro ba a ja masa layi da fensir, don haka na ɗauko guntayen zaren saƙata. Kowace safiya kafin Baba ya tashi sai in riga shi karanta babin ranar, inda aka fara wa'azi in sa jan zare, inda aka gama in sa fari. In na zo karanta masa, daga ja sai in yi tsalle zuwa fari, ko numfashi ba na canzawa. Mako biyu abin yana tafiya, har ina yaba wa kaina dabara, har na koya wa Arlene.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Muna cikin wani labari na kumbo mai ɗauke da iyalai ɗari zuwa sabuwar duniya, injinsa ya lalace a hanya, akwai wata mata injiniya da Baba ya ƙwallafa rai a kanta don ya ce ita kaɗai ce a jirgin ta san inda aka sa gaba. Ranar na ga ta fara wani dogon jawabi a gaban shugabannin jirgin, ina sauri don wake yana kan wuta, ban karanta har ƙarshe ba, na jefa ja, na ƙirga shafi takwas na jefa fari. Da rana na yi tsallena kamar kullum, na ci gaba. Can sai Baba ya ɗaga hannu ya ce ina injiniya ta shiga, kuma wa ya gyara injin, kuma jana'izar wa ake yi. Ashe a cikin shafukan da na tsallake ne baiwar Allah ta gama jawabinta, ta shiga ɗakin wuta ta gyara injin da hannunta, ta mutu a ciki. Na kashe masa ita ba tare da ya sani ba.

Ya miƙo hannu na ba shi littafin, ya shafa gefensa, yatsunsa suka ci karo da zarurrukan nan suna reto. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ya ce shekara hamsin yana sauraren inji, in haƙori ɗaya ya karye a cikin giyar inji daga bakin ƙofa yake ji, tun kwana goma yake jin labarin yana tsalle, yana zaton kansa ne ya fara taɓuwa. Ya ce idonsa ne ya mutu, ba hankalinsa ba. Wannan maganar ta tsoron taɓuwar kai ita ta fi ƙona mini rai, don ban taɓa tunanin abin da nake sa shi zargi ba. Daga ranar ya ce a bar karatun. Ya koma zaman taga, abinci sai na yi da gaske yake cin rabi. Garin gyaran gira na rasa ido, in ka yafe mini karin maganar a gidan da muke.

Mako uku muna haka, na rasa inda zan sa kaina, sai na kira Tessa a kantin littattafan da take aiki. Ban roƙe ta komai ba, na dai zazzage mata duka, har da zaren. Na ɗauka za ta ce ai ga irinta nan, mutanen da ke tsoron littafi. Sai kawai ta tambaye ni ko kwalayen gareji duka ne suka lalace, har da littafin nan mai hoton kumbo ja a bangonsa. Na ce duka. Ta ce to Gwaggo, ta ji, ta ajiye waya. Na ce a raina shi ke nan, na ƙara ɓata lamari.

Ranar Asabar ta biyu a cikin wannan wata ina shanya sai ga 'yar motarta ta shigo da ƙura, bayanta har ya zauna don nauyi. Wendell, yarinyar nan mako biyu ta yi tana zaga kantunan tsofaffin littattafai bayan ta tashi aiki, ta nemo irin na Baba na dā da ta iya tunawa daga ƙuruciya, sannan ta cika wani kwalin da sababbi. Ta ce mini masu rubuta labari don labari ba su ƙare ba, wasunsu ma sa'o'inta ne, sai dai ba su ake sawa a gaban kanti ba, dole sai mutum ya tona. Ta ɗauki hutun kwana tara, ta yi tuƙin awa tara. Ta tsaya a ƙofar falo, kwali a hannu. Baba ya juyo da gefen fuskarsa yadda yake yi in yana son gane mutum, ya ce wannan takun ya san shi, takun mai jan ƙafar hagu ne. Ta ce Kaka, an ce ka kori mai karanta maka, na zo neman aikin. Ya ce albashin ba yawa, kuma maigidan mafaɗaci ne. Ta ce ta sani, ta taɓa yi masa aiki.

Kada ka zaci an rungumi juna ana kuka, ka san gidanmu. Babu wanda ya ce a yafe masa. Sharaɗi suka zauna suka yi kamar masu cinikin saniya. Baba ya ce ba a tsallake masa ko kalma ɗaya. Tessa ta ce ta yarda, amma ba a yi mata tsaki tana karatu. Sai ya aike ni gareji na ɗauko masa ƙaramar sifanarsa da tsohon gwangwanin kofi da yake tara kusoshi, aka juye kusoshin, aka kife gwangwanin a kan tebur tsakaninsu. Dokar ita ce duk wanda ya ji marubuci ya ajiye labari ya hau mumbari, ya buga gwangwani sau ɗaya, ya faɗi abin da ke ransa sau ɗaya, sannan a ci gaba da karatu. Tessa ta ce duk wanda ya ji, ko? Baba ya ce eh mana, don ya ɗauka shi kaɗai zai riƙa bugawa.

Suka fara da ɗaya daga cikin tsofaffin, irin wanda Baba yake rantsuwa babu siyasa a ciki ko ta kwabo. Ba a yi shafi ashirin ba, ina kicin, na ji gwangwani ya yi ƙara. Na leƙo, sifana a hannun Tessa. Ta ce mace ɗaya ce a kumbon nan, aikinta zuba wa maza kofi, kuma sau biyu ke nan tana suma. Baba ya ce wannan ba wa'azi ba ne, haka zamanin yake. Ta ce mutumin da ya iya hango jirgi mai zuwa taurari amma ya kasa hango mace riƙe da sifana, ai shi ma da abin da yake koyarwa, ita kuwa tana da shekara tara wani tsoho ya kwantar da ita a ƙarƙashin tarakta ya koya mata juye baƙin mai. Baba ya yi ta motsa baki, ni kuma ina cewa a raina yau ma za a maimaita abin Bikin Godiya. Can ya ce bugun ya ci, a ci gaba.

Kwana biyu bayan nan suka shiga wani sabo, Baba ya buga sau biyu, ta saurare shi, ta ce ba ta yarda ba, ya ce bai tambaye ta ba, aka wuce. Sai aka zo wani wuri da marubucin ya tsayar da komai yana zayyana yadda mutanen ƙauye masu riƙo da addini suke da duhun kai. Baba yana laluben sifana, kafin ya same ta Tessa ta riga shi, ta buga da ƙarfi har gwangwanin ya faɗi ƙasa. Ta ce wannan marubucin ɗan ɓangarenta ne, amma bai taɓa zama da mutumin ƙauye ko na yini ɗaya ba, kuma ya ɓata mata labari. Baba ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sai da na kawo ruwa. Rabon da in ji wannan dariyar tun Mama tana da rai. Daren ranar ya cinye farantinsa ya nemi ƙari.

Abin da zai ba ka mamaki, yawancin abin da ta kawo gwangwani bai yi aiki a kansu ba sam. Labarai ne na mutane cikin hatsari suna neman mafita da ƙwaƙwalwa da ƙarfin hali, sai ka ga su biyun sun manta da sifana awa guda. Ta rubuta mini sunayen marubutan a bayan kalandar kicin, ta kuma haɗa masa wata 'yar na'ura mai karanta littafi da wasannin rediyo na dā. Ya gode, amma ya ce na'ura ba ta da amfani sosai tunda ba a iya musu da ita. Kada kuma ka ɗauka wani ya canza ra'ayi. Ranar zaɓe kowa ya san inda zai dangwala, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, taurin kan iri ɗaya ne. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, amma baki ɗaya suke kwana.

Ranar Lahadin da za ta koma, bayan mun dawo coci mun ci abinci, suka zauna ƙarasa wanda ya fi duk sauran kama su, labarin wani tsohon matuƙi da yake ƙoƙarin dawo da fasasshen kumbo gida da mutum shida a ciki, iskar shaƙa tana ƙarewa. Saura babi ɗaya, bai fi na minti ashirin ba, kuma da sauran lokaci. Tessa ta juya shafi za ta fara, sai Baba ya ɗora hannu a kan littafin ya ce tsaya. Ya kira ni ya ce in akwai sauran jan zaren nan nawa na rashin gaskiya, in ba shi guda. Na kawo, kunya kamar in nutse. Ya laluba da yatsa ya sa shi a farkon babin ƙarshe, ya rufe littafin, ya rungume shi a ƙirji. Ya ce Kyaftin, wannan sai ranar Bikin Godiya, bayan an ci talotalo, kuma wannan karon a cinye na faranti.

Shekara biyu ban ji sunan nan a bakinsa ba. Tessa ta sunkuyar da kai hawaye yana ɗiga a kan wandonta. Da ta ɗago ta ce wannan ai tarko ne, tsoho mai wayo. Ya ce tarko ne mana, har na mutum biyu, don shi ma yanzu dole ya zauna ya ji ko matuƙin ya iso gida, likita ya je ya yi ta lissafinsa. Ta ce to kada ya kuskura ya sa Gwaggo ta karanta masa a ɓoye. Ya ce wa, mai kashe injiniya? Ta sumbaci tsakar kansa, ta fita, ya sa na kai shi bakin ƙofa ya tsaya yana sauraren motar har ƙararta ta ɓace.

Littafin yana nan a kan taga kusa da kujerarsa, jan zaren yana leƙowa. Kowace safiya sai ya shafa ya tabbatar yana nan. Yana shan maganinsa ba gardama, jiya har ya sa Curtis ya zaga da shi gona a mota don ya ji ƙarar injin girbi, ya kuma gaya masa bel ɗin ya kusa tsinkewa, aka duba aka ga haka ne. Ba na yi maka alkawarin komai a kan zuciyar nan, rai a hannun Ubangiji yake. Amma mutumin da na bari a bakin taga a watan Satumba ba shi ne wannan ba.

Don haka ga roƙona, ƙanina. Ka nemi hutu tun yanzu, ku taho kai da Noreen. Kada ka ce mini aiki, rijiyar mai ba za ta ƙafe don ka yi mako ɗaya a gida ba, zumunci kuma a ƙafa yake. Ina so ka zauna a teburin nan ka ga mahaifinka da 'yarka da gwangwani a tsakaninsu. Ɗakinka na sama yana nan, zan sa a kunna masa ɗumi.

Ka gaishe mini da Noreen da kyau, ka ce mata ina nan ina jiran kek ɗin kabewarta, nawa har yau tsakiyarsa ba ta nuna. Ka gai da mahaifiyarta, Mama Lucille, Allah ya ƙara mata sauƙin ƙafar. Curtis yana gaishe ka, ya ce ka zo da hannun aiki. Arlene ma tana gaisuwa. Baba ya ce in gaya maka in za ka zo ka karanta littafin tun daga farko a jirgi, don ba za a tsaya yi wa kowa bayani ba. Ni kuwa, da na saba riga kowa leƙawa, sau nawa ina share tagar nan littafin yana hannuna, amma wannan karon ban buɗe ba. Tare za mu ji.

Ubangiji ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taka har kullum,
Yayarka Marlys